Sau Uku Gwaggo Ta Kira Ni

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga wurinSa muka zo, can kuma za a mayar da mu, ko mun kintsa ko ba mu kintsa ba.

Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu wata ranar Talata da hantsi a asibitin Birnin Kudu. Muka kai ta Gwaram, aka yi mata sutura bayan la'asar. Lokacin kaka ne, an yanke gero, kowa yana gona, don haka na ɗauka zaman makokin ba zai tara mutane ba. Tsohuwa ce da Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta ya daɗe a ƙasa, ba ta bar dukiyar da za a zo dominta ba. Amma kafin kwana biyu sai da aka aro tabarmi daga masallatai biyu.

Akwai wani mai gyaran injin ban-ruwa daga Kwandiko, ƙato, da gemunsa. Ya durƙusa ya yi mana gaisuwa, aka shafa fatiha, maimakon ya tashi sai ya kife kai a gwiwa yana kuka. Da ya samu bakin magana ya ce, "Ni ne yaron nan da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ku tambayi Malam, ga shi nan, ya san bayana."

Malam ɗin da ya nuna tsohon hedimastan firamaren unguwar ne, wanda ya yi ritaya. Ya gyara zama ya ce, "Na san bayanka kuwa, bulalata ma ta sani. Allah ya yafe mana. Matar nan ta hana ni shan ruwa da daɗi shekara uku, kuma gaskiya tana wajenta."

Ranar sadakar uku wata mota ta zo daga Kano. Wani farin mutum ya fito, cikin Larabawan nan da aka haifa a Kano, Hausarsa ta fi tawa fita. Ya cire takalmi ya zauna a tabarma. Ya ce, "Ina ƙarami ba na magana sai ihu. Inna ce ta zauna kusa da ni shekara huɗu." Gwaggo yake kira Inna. Shayinsa har ya huce a hannunsa.

Taubashinta, wani tsoho da suka yi shekara saba'in suna tsokanar juna, ya dubi jama'a ya ce, "To, yau dai Gwaram ta huta da baki." Aka yi dariya kaɗan. Shi bai yi ba, ya ja bakin rawaninsa ya rufe ido.

Can ƙarshen tabarma ɗan farina yana zaune, saurayi ɗan shekara goma sha bakwai. Kwana bakwai bai matso inda nake ba, ni ma ban matsa inda yake ba. Masu gaisuwa suna yaba mana, wai gidan nan har yanzu akwai alkunya, uba da ɗan fari ba sa haɗa tabarma. Ni da shi mun san ba ita ba ce.

Ni direba ne, ina jigila tsakanin Birnin Kudu da Kano. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da Gwaggo, kuma don ba yadda zan faɗi alherinta ba tare da na faɗi abin da na yi mata ba. A haɗe suke.

Gwaggo firamare kawai ta yi. Aure ya kai ta Kano, inda mijinta yake gadi a wata makaranta ta 'ya'yan baƙi, Larabawa da Indiyawa da Turawa da 'ya'yan manyan ƙasar nan. Ta shiga da tsintsiya, tana share azuzuwa tana wanke wa ƙananan yara hannu. Wata malama ta lura cewa akwai yaron da in ya fara ihu ba mai iya tsayar da shi, amma in Gwaggo ta ajiye tsintsiya ta zauna kusa da shi ba tare da ta taɓa shi ba, sai ya lafa. Daga nan aka karɓe tsintsiyar, aka riƙa koya mata aikin zama da yaran da karatu yake zo musu ta wata hanya daban. Shekara ashirin da biyu ta yi a haka.

Ta sha ba mu labarin wurin tana ɓantarar goro. "A can ba a fitar da yaro daga aji don ya yi nauyi. Kujera ake ƙarawa kusa da shi. To ni ce kujerar." Ta ce kowane zango ana kiran uwa da uba da malama da ita da yaron kansa, a zauna a teburi ɗaya, a fara lissafa abin da yaron ya iya kafin a taɓo abin da ya gagare shi. "Na ga mai kamfani da tumbinsa a kan kujerar yara, gwiwa har haɓa, yana sauraren mai shara irina. Bai mutu ba."

Ba yabon wurin kawai take yi ba. In ta tuna ƙofar makarantar sai ranta ya ɓaci. "Shekara ashirin da biyu ina koyon abin da ɗan ƙanena ba zai taɓa shiga ya samu ba. Shi ya sa na sato shi a ka na kawo gida."

Da mijinta ya rasu ta dawo Gwaram, ta zauna a gidan da ya bari. Ba ta buɗe makaranta ba, ba ta kafa allo a ƙofa ba. Yaran da aka gaji da dukansu ne suka riƙa taruwa a zaurenta bayan an tashi daga boko. Kayan aikinta abin dariya ne ga mai wucewa. Farantin tangaran da yashi a ciki, yaro ya rubuta baƙi da yatsa yana faɗarsa da baki. Kwalin sabulu da ta yanke wa 'yar taga, a ɗora a kan littafi, layi ɗaya kawai ya leƙo. Wake da tsakuwa don lissafi. Wanda ba ya iya zama, kamar mai gyaran injin nan, sai ta ba shi gyaɗa ya tsaya yana ɓara tana karanta masa. "Hannunsa in ya samu aiki, kunnensa zai dawo gida." Wata yarinya da hayaniya take firgita ta, Gwaggo ta toshe mata kunne da auduga ta zaunar da ita a bakin ƙofa inda za ta ga hanyar fita.

Wani uba ya taɓa ce mata an faɗa masa iska ce ta shafi ɗansa, yana so ya kai shi a yi masa turare. Ta ce, "Kai shi, addu'a ba ta ɓata komai. Amma ka dawo mini da shi gobe, don aljanin nan na san shi, a Kano ma yana shiga 'ya'yan Turawa." Ta ce Turawa suna da suna ga kowane irin wannan, ta iya faɗa, amma ba ta ga yaron da suna ya koya wa karatu ba.

Tana da nata. Bakinta ba linzami. Ba ta iya barin magana ta kwana, kuma ba ta zaɓen wurin faɗarta. Tuwonta kuwa, Allah ya ji ƙanta, sai mai tsananin yunwa. In an yi ƙorafi ta ce ita ba tuwo aka aiko ta yi duniya ba.

Rigimarta da hedimasta a kan bencin baya ce. A firamaren, ana zaunar da yara ne bisa sakamakon jarrabawa, na ɗaya a gaba, na ƙarshe a jikin bango. Bencin ƙarshe har suna gare shi, bencin daƙiƙai, malamai ma haka suke kiransa. Gwaggo ta je ta yi magana sau biyu ba a ji ba. Ranar Litinin sai ga ta da mayafinta da 'yar jakar goronta, ta shiga aji huɗu ta zauna a bencin.

Hedimasta ya zo da sauri. "Hajiya, lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. An ce nan ne wurin waɗanda ba su gane ba. To ni ma ban gane ba."

"Me ba ki gane ba?"

"Yadda wanda ya fi buƙatar allo shi ya fi nisa da allo."

"Hajiya, wannan ba makarantar 'ya'yan Turawa ba ce. Dubi ajin nan. Malami ɗaya, yara ko wurin taka ƙafa babu. Ina zan samo mai zama kusa da kowane yaro?"

Ta dubi ajin ta ce, "Wannan gaskiyarka ce, ba ka da mutane. Amma benci ai kana da hannun ɗaga shi."

Mako guda tana zuwa tana zama. Yara suna dariya, mata suna leƙe ta taga. A mako na biyu aka daina zama bisa sakamako a ajin, aka riƙa haɗa mai saurin ganewa da mai nauyi a benci ɗaya. Bulala ba ta bar makarantar ba, kada in yi ƙarya. Amma sunan bencin ya mutu.

Yanzu sai nawa.

A gidanmu ana kunyar ɗan fari sosai. Uwa ba ta kiran sunansa, uba ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa, ba ya shiga maganarsa, sai dai kakanni da baffanni su tsaya masa. Da aka yaye ɗan farina, aka ba Gwaggo riƙonsa tunda ba ta da kowa a ɗaki. Da yake jika ne a wajenta, wasan kaka da jika suke yi. Maigidana take ce masa. "Maigidana, yau ma ba cefane? To zan kai ƙara." Shi kuma ya ce ya sake ta saboda tuwonta.

Yaron yana da kai. Abin da ya ji sau ɗaya ya zauna. A makarantar allo yana riga sa'anninsa haddace sura, in dai da kunne ne. Amma in aka ajiye masa takarda sai gumi ya karyo masa. Ya faɗa wa Gwaggo cewa baƙaƙen ba sa tsayawa, suna musayar wuri kamar tururuwa. Ta gane abin tun yana aji biyu. Ta faɗa mini, na ce yarinta ce.

Wani hutu yana aji biyar ya zo gidana a Birnin Kudu. Ina zaune da abokaina biyu a ƙofar gida, aka kawo mini takardar gayyatar ɗaurin aure. Don in nuna musu ina da ɗan boko, na miƙa masa na ce ya karanta. Ya riƙe katin yana kallo. Ya fara, ya tsaya, ya koma farko. Ɗaya daga abokaina ya ce, "A'a, wannan ai sai an tura shi kamar motarka." Suka yi dariya. Na shiga da shi cikin gida na ɗauko igiyar ɗaure kaya. Kunyar da ta hana ni kiran sunansa ba ta hana ni dukansa ba. Uwarsa tana ɗaki tana ji, ita ma kunya ta hana ta fitowa.

Da ya koma Gwaram Gwaggo ta ga bayansa. Ta bugo mini waya, ba ko sallama. "Direba, in motarka ta ƙi tashi, dukanta kake yi ko buɗe ta?" Na kashe wayar.

A hankali, da yashi da kwali, ta kai shi har aji uku na ƙaramar sakandare. Yana karatu, amma kamar mai tafiya a cikin laka. Kullum da yamma ita take karanta masa darasi da tabaranta, shi kuma ya riƙe. In malami ya tambaye shi da baki, ya ba da amsa tiryan-tiryan. In jarrabawa ta zo, kafin ya gama karanta tambaya ta uku an karɓi takarda. Babbar jarrabawar fita daga aji uku tana matsowa, ita ce za ta ce ya ci gaba ko ya tsaya.

Gwaggo ta je wurin shugaban makarantar ta roƙi abu biyu, irin wanda ta ga ana yi a Kano: a samu mai karanta masa tambayoyi, a ƙara masa lokaci. Mutumin kirki ne. Ya ce a jarrabawar cikin gida zai yi, ta waje kuma zai rubuta wa na sama da shi ya nema. Amma da sharaɗi ɗaya. Uban yaro ya zo da ƙafarsa, ya zauna, ya nema da bakinsa, ya sa hannu, don kada gobe a ce makaranta ta rubuta ɗan wani a cikin masu lalura ba da saninsa ba.

Kira na farko a waya ne. Na ce, "Gwaggo, kin fi ni sanin gidanmu. Yaushe uba ya taɓa zuwa maganar ɗan fari? Baffa ya je mana."

"An ce uba."

"To a bari in duba."

Kira na biyu, Baffa ta aiko, ƙanen mahaifina, ya same ni a gida. Na karɓe shi da girmamawa, na sa aka yi masa abinci, na sake kawo maganar alkunya. Baffa mutumin da ne, maganar ta yi masa daɗi. Ya koma ya ce mata yaron nan yana da tarbiyya, kada a matsa masa.

Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, tsoro nake ji. Ina ganin ranar da na sa hannu a takardar nan na yarda a rubuce cewa na haifi mai taɓin ƙwaƙwalwa, kuma labarin zai riga ni isowa tasha. Na san bakin direbobi. Ni ma ina cikin masu yi wa wasu.

Kira na uku ita ta zo da kanta. Damina ce, an kwana ana ruwa. Ta hau mota daga Gwaram, ta sauka ta hau acaɓa zuwa tasharmu, zaninta duk taɓo. Ina rumfar direbobi ina jiran layina, mun kai mu goma, ga 'yan kamasho. Ta tsaya a bakin rumfar tana dogara lema.

"Sannunku da aiki. Ina Direba mai kunya?"

Na miƙe na ce, "Gwaggo, mu je gida mu yi magana."

"A'a, nan ma gida ne, tunda nan kake tsoro. Jibi ne ranar ƙarshe. Zama ne na rabin awa. Ka kai mutane Kano kullum, ka kasa kai kanka Gwaram?"

"Gwaggo, al'ada ce, ba ni na kawo ta ba."

"Ni za ka koya wa al'ada? Ubanka ya yi kunyar yayarka, bai taɓa kiran sunanta ba. Amma ranar da ta kwanta ciwo a bayansa ya goyo ta har bakin titi. Kunyar da muka gada so take rufewa. Taka gudu take rufewa."

Wani direba ya ce, "Hajiya, me yaron ya yi ne?"

Ta ce, "Ba abin da ya yi. Karatu ne yake masa wuya a ido, a kunne kuwa ya fi ku duka."

Wani daga baya ya ce, "Ashe gado ne." Rumfar ta kwashe da dariya.

Ban san lokacin da na ce mata, "Ɗana ne ko naki? In riƙo ya zama abin tonon asiri, a ba ni abina." Matar da ba ta haihu ba na faɗa wa haka, a gaban 'yan kamasho. Dariyar ta tsaya. Ta dube ni, ta buɗe lemarta duk da ba a ruwa, ta juya. Ko kuɗin mota ban bi ta da shi ba.

Ranar ta wuce ban je ba. Mako na gaba na je Gwaram, amma ba makaranta ba. Na tsaya a ƙofar gidanta na aika a ce wa yaron ya haɗo kayansa. Gwaggo ba ta fito ba. Na ji muryarta daga ciki tana cewa, "Maigidana, ka ɗauki tabarmarka, ta can ba ta da laushi." Na haɗa shi da wani abokina mai bas, ya zama yaron mota. Ban sa shi a motata ba, wai kunya. Jarrabawar aka yi ba shi.

Bayan wata biyu ta aiko wata fasinja da saƙo. Ta ce a faɗa mini ta yi kuskure da ta tsige ni a gaban mutane, ita da ko yaro ba ta yi wa haka. Ta ce in yafe mata, in mayar da shi ko maimaita aji ne ya yi. Ita ce babba, ita ta fara neman yafiya. Na ce wa matar na ji. Shekara biyu ban taka Gwaram ba. Salla ta zo ta wuce sau huɗu, sai dai in aika da shinkafa.

Da ciwo ya kayar da ita aka kawo ta asibitin Birnin Kudu. Daga tasharmu zuwa can, da ƙafa ma ba nisa. Na ji labari ranar Asabar. Na ce sai na sauke lodin Kano. Lahadi na ce sai na samu abin riƙewa a hannu. Ina wuce ƙofar asibitin da fasinja ina kau da kai. Sai Litinin da yamma na shiga.

Na tarar da ɗan farina a barandar ɗakin mata. Tun ranar farko ya bar motar ya zo, shi ke sayo magani, shi ke ɗebo ruwa. Da yake takardun magani suna masa wuya, ya haddace sunayensu da lokutansu daga bakin ma'aikaciyar jinya, bai taɓa kuskure ba. Ya gaishe ni yana kallon ƙasa. Muka shiga tare.

Ta rame har ban gane ta ba sai da ta buɗe ido. Na durƙusa a gefen gadon na ce, "Gwaggo, ki yafe mini."

Ta ɗaga yatsa kamar mai korar ƙuda. Muryarta can ƙasa ta ce, "Wannan an gama tuntuni. Ka je?"

Na gane inda take nufi. Na ce, "Zan je."

Ta dube ni. Sai ta juya ido wajen yaron ta ce, "Maigidana, ka ji dai." Ba ta sake yi mini magana ba. Washegari da hantsi ta cika.

Bayan sadakar bakwai, da aka naɗe tabarmi, na sami yaron a zaurenta yana tattara kwanuka. Na ce ya zo mu je makarantar. Ya bi ni. Shugaban makarantar yana nan. Ya ba mu kujeru, ya yi mana gaisuwa, ya saurare ni har na gama. Zaman da na guje wa shekara biyu, ko rabin awar bai kai ba. Ba wanda ya yi dariya. Ya ce zai karɓe shi ya maimaita aji uku, zai kuma rubuta takardar, in dai yaron da kansa yana so. Ya ba mu zuwa farkon zango.

Muka fito muka tsaya a gindin darbejiya. Yara suka fito hutun tara, ƙanana, wasu ko kafaɗarsa ba su kai ba. Ya daɗe yana kallonsu.

"Baba, waɗannan ne 'yan ajin?"

"Su ne."

"Wa zai riƙa karanta mini da yamma?"

"Ni."

"Ranar da layinka ya zo fa?"

Na ce zan san yadda zan yi.

Ya ce, "Ita sai ta maimaita layi ɗaya sau goma ba ta canja murya ba. Kai a na biyu muryarka take canjawa. In ta canja, baƙaƙen gudu suke yi gaba ɗaya." Ba da faɗa ya faɗa ba. Kamar yadda ake faɗa wa direba tayarsa ta yi sanyi.

Zango ya fara Litinin ɗin da ta wuce. Bai je ba. Ya koma motar abokina, yana rataye a ƙofa yana kiran Wudil, Kano. An ce ba ya mance inda kowane fasinja zai sauka, ko mutum ashirin ne. Na je na faɗa wa shugaban makarantar da bakina, don kada ya yi ta jira.

Shekaranjiya yaron ya same ni a tasha ina duba mai. Ya tsaya ta ɗaya gefen motar.

"Baba, maigidana ya ce in na cika shekara sha takwas zai bar mini tuƙi. An ce wurin yin lasisi akwai takardun cikewa."

"Akwai."

"Ka zo ka karanta mini. Ba na so a yi mini dariya."

Na ce, "Zan zo."

Ya ɗaga kai ya dube ni, abin da bai taɓa yi ba tunda aka haife shi. Ya ce, "Haka ka ce mata."

Aka kira shi lodi, ya tafi.

Allah ka ji ƙan Gwaggo. Ka yalwata mata makwanci kamar yadda ta yalwata wa 'ya'yan mutane wuri, ka sauƙaƙa mata tambaya kamar yadda ta nema wa wasu sauƙinta. Wanda ya karanta wannan ya yi mata fatiha. In da saura a bakinsa, ya roƙa mini Allah ya kai ni wannan rana da rai, ya kuma sa ƙafata ta je.